Baƙin gam na Permatex Ultra Black a bakin manifol: abin da na gani bayan wata takwas

Kwana uku da tayar da injin, na leƙa ƙarƙashin motar da sassafe na ga ɗigon baƙin mai a ƙasa, faɗinsa bai kai tafin jariri ba, daidai inda inji ya haɗu da giyabos. Wanda bai taɓa kwashe wata biyu yana yi wa inji garambawul ba, ba zai san yadda ɗan wannan ɗigo yake kashe wa mutum jiki ba. Na tsuguna na daɗe ina kallonsa. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne sil ɗin bayan karanshaf, wato zoben da ke tare mai a bayan inji, kuma in shi ne, to sai an sauke giyabos. Gabana ya faɗi.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce ƙirar Chevrolet, mai injin 350, wato lita 5.7, silinda takwas a jere biyu, mai kafireta. Irin injin nan ne da asalinsa ya faro tun 1955, shi kuma 350 ɗin ya fito a 1967, har yau kayansa ba su yanke a duniya ba. Na canza fistin da ringi, na sa sabon kamshaf, an aske fuskar kawunan silinda biyu domin ɗaya ya ɗan karkace, sannan na ɗora manifol na alminiyam a madadin na ƙarfe da ya zo da shi, wanda nauyinsa kaɗai ya isa ya karya wa mutum ƙugu. A kan wannan manifol ɗin ne, na shan iska da fetur, labarin gam ɗin yake.

Ga wanda bai saba da wannan inji ba, manifol ɗinsa aiki huɗu yake yi a lokaci guda. Shi ke raba iska da fetur ga silinda takwas. Shi ke haɗa ruwan kawunan biyu a gaba ya miƙa shi ga tamostat, mai daidaita zafin inji. Shi ke riƙe distiributa, mai raba wuta ga fulogi, a baya. Kuma shi ne murfin kwarin nan da ke tsakiyar bulok, inda baƙin mai ke fantsama ba dare ba rana. Saboda haka wurare huɗu yake zama a kansu: gefe biyu a jikin kawunan silinda, inda ake sa gasket dogaye guda biyu, sai gaba da baya, inda yake hawa kan wata siririyar katanga ta bulok. Makanikan Amurka suna kiranta katangar Sin, kuma in ka dube ta daga sama, yadda take lanƙwasa daga wannan kai zuwa wancan, za ka ga dalili. Faɗinta bai fi na ɗan yatsa ba, kuma babu noti ko ɗaya da ke danne ta kai tsaye. Duk abin da ka sa a wurin, da kansa zai riƙe kansa.

A karon farko na yi abin da kwalin gasket ya ba ni. A cikin kwalin akwai robobi biyu na gaba da baya, na sa su. A kusurwoyi huɗu na ɗiga wani silikon da ya daɗe a akwatin kayan aikina, mai warin tsami da ke shiga hanci kamar an buɗe kwalbar binega. Ban auna komai ba. Na ɗora, na ɗaure, na tayar. Sabon kamshaf irin na wannan inji yana son a bar shi minti 20 yana juyawa tsakanin 2,000 da 2,500 a minti kafin a bar shi ya yi silo, wato juyin da yake yi in ba a taka totur ba, saboda haka tun a tashin farko injin ya sha zafi sosai. Komai ya tafi lafiya, har na yi ta murna ni kaɗai. Sai ɗigon nan.

Maigidan da na koyi aiki a hannunsa ya tsufa, ya daina kwanciya ƙarƙashin mota, amma idonsa yana nan. Na kira shi a waya na ce, “Baba, ina jin sil ɗin baya ne ya ba ni kunya.” Ya ce, “Ka hau sama ka duba, ko daga ƙasa kake yanke hukunci?” Na ce daga ƙasa. Ya yi dariya ya ce, “Mai ba ya hawa tudu, yaro. Wanke wurin, ka barbaɗa hoda, ka nemi madubi.”

Haka na yi. Na wanke bayan injin tas, na busar, na barbaɗa farar hoda daga murfin bawul har zuwa wuyan giyabos, na bar injin ya yi minti goma, sannan na zura ƙaramin madubi da tocila a bayan distiributa. Wurin nan akwai masu laifi da yawa da ke fakewa da juna. Akwai sensan awon ƙarfin mai, wanda a wannan inji yake zaune a nan daidai, gab da distiributa, kuma sau da yawa shi ke yoyo a ɗora wa manifol. Akwai gasket ɗin distiributa kansa. Akwai kusurwar murfin bawul. Duk hodarsu tana nan fara fat. Amma a tsakiyar katangar baya, ga bakin roba ya leƙo waje kamar harshen ɗan akuya, mai na bin ƙarƙashinsa yana gangarawa.

Da na cire manifol ɗin sai na ga ashe yoyon waje shi ne ƙaramin abu. Gasket ɗin gefe yana ajiye shaidar yadda aka danne shi. A sama shatin ƙarfe ya fito raɗau, a ƙasan ramukan iska kuwa da ƙyar ake ganinsa, kuma a cikin ramuka biyu na baya akwai danshin mai. Dalilin bai da wuyar ganewa. Aske kawunan silinda ya sa sun ɗan sauka, manifol ma dole ya sauka tare da su, tazarar da ke tsakaninsa da katanga ta ragu. Roba kuma kaurinta ɗaya ne, ba ruwanta da aikin da aka yi wa injinka. Sai ta zama matashi, ta tokare manifol ta hana shi zama daram a gefe. Ga shi kuma sabon ringi bai gama zama ba, hayaƙi yana sulalewa ƙasa yana ƙara matsi a cikin inji, ya samu roba mai santsi da mai, ya turo ta waje. Da na bar shi haka, injin zai riƙa zuƙar mai daga kwarin ta ƙasan gasket, fulogi su yi baƙi, salansa ta fara shuɗin hayaƙi, in koma ina zargin ringin da ba su ci ba su sha ba.

To a karo na biyu ne na sayi Permatex Ultra Black, kuma a kansa nake son magana.

Silikon ne irin wanda ake kira RTV, wanda yake daskarewa da kansa ba tare da an gasa shi ba. Danshin da ke cikin iska shi ke dafa shi, daga waje zuwa ciki. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana rabin halinsa: siririn shafi yana kamawa da wuri, layi mai kauri yana ɗaukar lokaci, kuma fatar waje takan bushe alhali ciki yana nan ɗanye. Abin da ya fara burge ni da na huda bakin tub ɗin shi ne rashin wannan wari mai tsami. Silikon mai tsami asid yake fitarwa yayin da yake daskarewa, yana iya sa ƙarfe tsatsa, kuma ba a son irinsa a motar da ke da sensan iskar oksijin a salansa. Wannan an rubuta a jikinsa cewa ba ya cutar da sensa. Tawa motar ba ta da sensa ko ɗaya a salansa, amma ina aiki a kan waɗanda suke da shi, kuma na fi son tub ɗaya da zan iya ɗauka ido rufe. An kuma rubuta cewa yana jure zafi har digiri 260 a ma'aunin Selshiyas na ɗan lokaci, wanda ya zarce abin da katangar nan za ta taɓa gani. Babban abin da aka yi shi dominsa shi ne jure baƙin mai da kuma zama da laushi bayan ya daskare, kuma a wannan wuri su ne abin nema. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen bulok. Duk tashi da kashe inji, manifol yana ɗan motsawa a kan katanga, motsin da ido ba ya gani. Abin da ya bushe ƙyam zai tsage, mai laushi kuwa zai bi shi.

Kafin in matsa ko ɗigo, na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na jera gasket ɗin gefe a bushe, na ɗora manifol ba gam, na leƙa ramukan noti goma sha biyu in ga ko suna kallon zarensu a tsakiya. Suna kallo, sai dai sun ɗan karkata kaɗan, ba abin da zai hana noti shiga da hannu ba. Na zura fila geji, siraran ƙarafan nan na auna tazara, a gaba da baya: tazarar ta kusa milimita biyu a gaba, ta ɗan fi haka a baya. Robar da na cire ta fi wannan kauri nesa ba kusa ba. Da a ce manifol ya zauna kan katanga ƙarfe da ƙarfe, babu tazara sam, ko kuma ramukan noti sun kauce sosai, to da ba maganar gam ake yi ba, sai an kai manifol ɗin an aske shi shi ma. Ina nanata wannan domin na sha ganin mutane suna neman tub ya gyara musu abin da injin aski kaɗai zai gyara. Gam yana cike tazara, amma ba ya miƙe karkatacce.

Sai wanki, kuma a nan rabin rana ta tafi. Na cusa tsumma mai tsabta a kowane ramin iska, na shimfiɗa wani a cikin kwarin domin ya tare datti. Na kankare tsohon silikon da reza, a kwance, a hankali, musamman a jikin alminiyam da ba ya son wasa. Ban yi amfani da faifan gurza na injin hannu ba, domin ƙurarsa yashi ce, in ta shiga mai sai ta ci metal ɗin da na gama sawa, wato shimfiɗar da karanshaf ke juyawa a kai. Daga nan na goge katangun biyu da ƙasan manifol da feshin wanke birki a farin ƙyalle, na sake, na sake, har ƙyallen ya dawo fari kamar yadda ya tafi. Yaron da ke taya ni ya gaji ya ce, “Oga, ai ya fita.” Na ce ya shafa yatsa ya gani. Ya shafa, na ce to yanzu ka sa masa maiƙon hannunka, ɗauko ƙyalle mu sake. Silikon, kowane iri ne, ba ya kama wuri mai maiƙo. Zai kwanta a kai lafiya lau, ya daskare, ya yi kyau a ido, ka ja shi da farce ya taso gaba ɗaya kamar ɓawon ayaba. Haka tsohon ya taso mini, kuma ba zan ɗora masa laifin duka ba, domin ni ne ban wanke masa wuri ba.

Wasu suna bin katangar da ƙusar ƙarfe suna yi mata ƙananan ramuka domin gam ya samu abin kamawa. Ban yi ba. Ban ce ba ya amfani ba, amma ban ga dalilin dukan bulok ɗin da na kashe wa wata biyu ba, alhali tsabta ta wadatar.

Yadda yake fita daga tub ya yi mini daɗi. Yana da kauri daidai, in ka ja layi yana tsayawa a tsaye kamar igiya, ba ya bajewa ya gangara cikin kwari. Na yanka bakin robar a karkace yadda zai ba ni layi mai kaurin milimita shida, wato kwatan inci, kusan kaurin fensir. Na fara ɗiga kaɗan a kusurwoyi huɗu, inda kai da bulok suka haɗu, na zaunar da wutsiyar gasket ɗin gefe a cikinsa, sannan na ja layi ɗaya ba yankewa daga wannan kusurwa zuwa waccan, na hau kan wutsiyar gasket da kusan santimita ɗaya a kowane ɓangare. Kusurwoyin nan su ne mararrabar abubuwa uku, kuma in yoyo zai dawo, yawanci ta nan yake sallama. A katangar baya na kauce wa ramin sensan mai, na kuma tabbata layin bai kusanci ramin distiributa ba.

A kewayen ramukan ruwa huɗu, biyu a gaba biyu a baya, na shafa ɗan siriri da yatsa, wanda har kana iya hango ƙarfe ta cikinsa, domin fuskar kawunan ta ɗan ci tsatsa a wurin. A kewayen ramukan iska kuwa ban sa komai ba, kuma ina roƙon duk mai karatu kada ya sa. Kamfanin da kansa ya rubuta cewa ba a yi shi domin wurin da fetur ke taɓawa ba. A injin kafireta, abin da ke bi ta ramukan nan iska ce jiƙe da fetur. Fetur yana kumbura silikon ya mayar da shi kamar kitse, injin ya zuƙe shi, a bar ka da ƙofa a buɗe. Gasket ɗin da na sa, na Fel-Pro ne mai zanen roba a kewayen kowane rami, an yi shi ne a sa shi a bushe. Shafa masa gam ma santsi yake ƙara masa, ya zame lokacin ɗauri.

Ga inda na kusa ɓata aikin da hannuna. Umarnin da ke jikin tub ya ce a haɗa nan take, tun gam yana ɗanye. Na ɗauko manifol, na sunkuya a kan fenda, na sauke shi, sai na ga ramin distiributa bai yi daidai ba, ya yi gaba da kusan rabin santimita. Hannuna da kansa ya tura shi baya kafin ƙwaƙwalwata ta ce kada. Na tsaya. Na san abin da na yi: na share layin baya, na tura shi cikin kwari. Zuciya ta ce ɗaure kawai, ai da yawa ka sa. Na tuna ɗigon nan na safe, na ɗaga manifol ɗin. Ilai kuwa, a tsakiyar katangar baya akwai wurin da ya rage ƙarfe tsirara, tsawon gaɓar yatsa. Na goge duka, gaba da baya, na sake wanki, na sake jan layi. A karo na biyu na zura guntun bututu a ramin distiributa na bulok ya zame mini jagora, na ce wa yaron ya riƙe gaba ni na riƙe baya, muka sauke shi a miƙe kamar ana sa murfi a tukunya. Ya zauna, ba wanda ya ƙara taɓa shi.

A nan na gode wa Allah da ban ɗauki ɗan uwansa The Right Stuff ba, wanda kamfani ɗaya ke yi. Shi wancan an yi shi ne domin mai sauri: ka haɗa cikin minti biyar, ka ɗaure, mota ta koma hanya. Ga gareji mai layin motoci, abu ne mai kyau ƙwarai. Ga mutum irina da ke sauke manifol sau biyu yana gardama da zuciyarsa, Ultra Black ya fi haƙuri. Akwai kuma Ultra Grey, mai tauri, wanda ya fi dacewa da fuskoki masu noti kusa da kusa da ke haɗuwa ƙarfe da ƙarfe, irin na yawancin injunan Japan. A tazarar milimita biyu da ba noti a kanta, na fi natsuwa da mai laushi.

Notunan tsakiya a wannan inji ramukansu a buɗe suke zuwa inda mai yake, kuma mai yana bin zare ya hau ya taru a kan manifol, mutum ya rasa daga ina. Na shafa musu farin gam na zare, ba silikon ba. Na ɗaura duka goma sha biyu da hannu har gam ya fara leƙowa, na bar shi awa ɗaya kamar yadda aka rubuta, sannan na ɗauko sifanan awo, mai auna ƙarfin ɗauri. Daga tsakiya ake farawa, ana tsallakawa hagu da dama, ana fita zuwa gaba da baya. Na yi shi hawa uku, na ƙare a ƙarfin ɗauri Nm 34, wato fam-ƙafa 25. Da na gama zagaye na ƙarshe na koma kan na farko, na tarar ya saki, domin gasket yana kwanciya yayin da maƙwabta ke danne shi. Sai da na zagaya sau uku kafin duka su tsaya. Wanda injinsa ke da kawunan Vortec, wato ƙirar kawunan wannan inji ta 1996 zuwa sama, masu noti takwas a tsaye, kada ya ɗauki wannan adadi nawa. Nasu Nm 15 ne kacal, kuma wuce haka yana fasa gasket ɗin.

Abin da ya leƙo waje bayan ɗauri layi ne siriri, mai kumburi daidai, daga kusurwa zuwa kusurwa ba yankewa. Na duba na baya da madubi, haka. Wannan ne ma'aunina na cewa adadin ya yi. Domin duk abin da ka gani ya fito waje, kwatankwacinsa ya fito ciki, inda ba ka gani. In ya yi yawa, wata rana zai yanke ya faɗa cikin mai, ya gangara kaskon ƙasa, ya je ya manne a rariyar famfon mai. Na taɓa buɗe injin da ya ƙone metal na tarar da rariyarsa cike da tsutsotsin silikon ja da shuɗi, aikin wani mai hannu sake. Garin neman gira aka rasa ido.

Sai jira, wanda shi ne abin da mutane suka fi ƙi a wannan gam. Awa 24 aka rubuta kafin a zuba ruwa ko mai a tayar. Ni na ba shi kwana biyu, domin lokacin iska a bushe take ƙwarai, kuma na riga na faɗa cewa danshi ke dafa shi. Dabarar da nake yi ita ce in matsa ɗan guntun layi mai kauri ɗaya a kan kwali in ajiye kusa da injin. Washegari na yanka shi da reza: waje ya zama roba, tsakiya akwai ɗan laushi kamar ƙullu. Rana ta biyu ya daskare har ciki. Sannan na mayar da distiributa a kan alamar da na yi, na juye man da ke ciki na zuba sabo da sabuwar filta, domin duk yadda ka kai da kula, in ka cire manifol sai ruwan lagireto ya ɗiga cikin kwari.

Injin ya tashi bugu ɗaya. Na sa agogon awon zuƙar iska a manifol, allura ta tsaya a 18 ba rawa, inda a da take ɗan karkarwa ina ɗora wa kafireta laifi. Silo ya daidaita har sai da na rage shi. Bayan ya yi zafi ya huce sau biyu na sake bin notunan da sifanan awo, kusan rabinsu suka ɗan ƙara shiga. Wannan matakin mutane da yawa suna tsallake shi, alhali a manifol na alminiyam bai kamata ba.

Yanzu wata takwas ke nan, motar ta yi tafiyar da ta haura kilomita 6,000, da kaya da babu kaya, cikin zafi da cikin ruwan sama. Na canza mai sau biyu. Bayan injin a bushe yake, ƙura ce kawai a kai, kuma ƙura busasshiya, wadda ke tashi in ka hura. Na danna layin gam na gaba da farce makon jiya, yana nan da laushinsa, bai kumbura ba, bai saki gefe ba. Fulogi biyun baya da suka fara baƙi sun koma kalar ƙasa. Ruwa bai ragu ba.

Ba zan ce ba shi da wahalarsa ba, sai dai wahalar ta kowane silikon ce. In ka buɗe tub ka ajiye, bakin yana toshewa, domin iskar da ke dafa shi a kan inji ita ke dafa shi a cikin akwati. Abin da nake yi shi ne in bar ɗan guntu ya leƙo daga bakin ya bushe a haka, ranar da zan sake amfani in ja shi ya fito kamar toshe. Duk da haka, tub ɗin da ya shekara a buɗe ba na yarda da shi a wurin da sai an cire distiributa kafin a kai gare shi. Baƙi ne kuma, a kan bulok mai baƙin fenti, da wuya ka ga inda layi ya yanke sai da tocila mai kyau. In ya taɓa riga ya zauna ke nan. Kuma na san ranar da zan sake cire manifol ɗin nan sai na bi gaba da baya da wuƙa siririya na yanka, ba zai taso da lallami ba. Wanda ya sa sukundireba ya ɗaga da ƙarfi zai iya cin fuskar alminiyam.

Akwai kuma injunan da bai kamata a kai musu shi ba sam. Yawancin motocin yanzu manifol ɗinsu na roba ne mai tauri, iska kaɗai ke bi ta ciki, kuma kowane rami yana da zoben roba da ke zaune a cikin kwarminsa. Waɗannan sabon zobe suke so, a bushe, da ɗauri daidai awo. Sa musu gam yana hana zoben zama. Haka injin silinda huɗu da manifol ɗinsa ke manne a gefen kai, babu kwari babu katanga, gasket kawai ya ishe shi. Wurin wannan gam shi ne inda mai yake, inda akwai tazara, inda sassa uku suka haɗu a kusurwa: katangun nan biyu, kusurwoyin kaskon mai, mahaɗar murfin gaba.

Da na gaya wa Baba yadda aka ƙare, bai tambaye ni sunan gam ɗin ba. Cewa ya yi, “Robobin fa, ka jefar?” Na ce suna nan a akwati, na rasa dalilin ajiye su. Ya ce in ba yaron ya riƙa sa su a ƙarƙashin batir, kada ya riƙa gogar tire. Can suke yanzu.